A tsaye ka yi salla ko a zaune?

Kowace safiya, da an fito daga masallaci, Majo Alassan yakan zauna bisa benci a ƙofar ɗakin ba da magani, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya fiddo tsohuwar salularsa wadda ya ɗaure bayanta da roba. Shi ne babban ma'aikacin jinya a asibitin da muke zuwa nan Gaya ta bakin iyaka. Shayinsa kan huce a gefe yana bin mutanensa da mesaji ɗaya bayan ɗaya, wato waɗanda zuciyarsu ta gaji, aka kwantar da su, aka sallame su suka koma gida. Wasu suna cikin gari, wasu Tanda, wasu can Yelu. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ni ban yi nisa a lakol ba, wato makarantar boko, amma ba zan bari ya tafi shiru ba.

Da farko, in ji shi, "Yaya jiki?" yake rubutawa. Kowa sai ya amsa, "Da sauƙi." Wanda ƙafarsa ta kumbura kamar turmi, da sauƙi. Wanda ya kwana a jingine yana neman numfashi, da sauƙi. Haka aka raine mu, ba a amsa gaisuwa da kuka. Sai da wata tsohuwa a Tanda ta ce da sauƙi da safe, aka kai ta makwanci da la'asar. Daga ranar Majo ya bar gaisuwa. Ya koma tambaya: takalminka ya shiga? Da matashi nawa ka tada kai? Ka hau sikelin mai shinkafa? Ta ƙarshe kuma ita ce, a tsaye ka yi salla ko a zaune? Ya lura mutum zai ɓoye kumburi a ƙarƙashin riga, amma ba zai yi ƙarya a kan sallarsa ba.

Maigidana Na'Allah, baban Salima, direban babbar mota ne, shi ma ciwon zuciya ya kwantar da shi. Bayan an sallamo shi aka hana shi tuƙi, aka hana shi gishiri, kuma duka biyun sun yi masa ciwo. Shi Ba'are ne, Majo Bafillace, saboda haka ba sa haɗuwa ba su taɓa juna da wasa ba.

Wata safiya ya ce mini zai leƙa tasha ya gaisa da abokai. Ashe wani mai mota ne ya yi masa alkawarin tafiya Kwatano, motar tana jiransa a Malanbil, ƙetaren gulbi. Gada a rufe take, da kwale-kwale ake ƙetarewa, kuma da ya taka wancan gefen layinsa ba ya kamawa.

Majo ya aika tambayoyinsa. Takalmi? Ya shiga. Matashi? Ɗaya. Sikeli? Anjima. Salla? Shiru. Ya sake aikawa. Shiru. Ya kira, tana ƙara ba a ɗauka. Sai ya kira ni.

"Balki, ina bawan nan nawa?"

"Ya tafi tasha, Majo."

"Da wane takalmi?"

Na duba bakin ƙofa. Ga takalminsa sau-ciki a ajiye, wanda ba ya fita sai da shi. Tsohon silifas na banɗaki ne babu. Na gaya masa.

"Hau kabu-kabu ki same ni a tasha. Kada ki tsaya ɗaura ɗankwali."

A tasha Majo ya tambayi inda yake, direbobi suka yi ta kallon juna, kowa na jiran wani ya fara. Majo ya ce, "In ya mutu a hanya, ku za ku gaya wa matar nan." Sai wani ya nuna hanyar gulbi da leɓe.

Bakin gulbi ya cika maƙil: buhunan albasa, jarkoki, mata da kwanduna, masu jirgi na kiran fasinja da Dandanci da Zabarmanci. Ni ban ga komai ba sai kawuna. Majo ne ya hango shi. Yana zaune bisa buhu a cikin jirgi, ya dafa gwiwoyi, kafaɗunsa na hawa suna sauka, leɓensa ya yi toka. Mai jirgi ya riga ya kafa gora ya tura.

Kai ne, Majo, da furfurarka da farar rigar aiki, ka faɗa ruwa har ƙugu ka riƙe bakin jirgin. Salular nan da kake lallaɓawa ka cije ta a baki don kada ta jiƙe. Mai jirgi ya ɗaga gora yana zagi, fasinja suka ɗau hayaniya, ba ka saki ba. Ka miƙa wa wata mata salular, ka ce, "Na'Allah, sauko."

"Kai Bafillace, saki jirgin mutane, ba saniyar ubanka ba ce." Maganar a gutsure take fita.

"Na ji. A tsaye ko a zaune?"

"Na gaji da cin tuwo daga hannun 'ya'yana, Alassan."

"Ban tambaye ka tuwo ba."

Baban Salima ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce a hankali, "Ko sujada na kasa."

Mai jirgin da ke zagi shi ya fara kama shi. Mutane suka ɗauko shi zuwa gaɓa, wani mai a-kori-kura ya sauke albasarsa a ƙasa ya kai mu. A hanya Majo bai bari ya kwanta ba, ya jingine shi a ƙirjinsa yana ce masa, "Ja numfashi, bawana, ban ba ka izinin tafiya ba." A asibiti aka sa masa iska, aka yi masa allurar da ke fitar da ruwa. Likita ya ce huhunsa ya cika, da ya ƙetare da gawarsa za a maido mana.

Allah ya ƙara masa damina biyu. Ya aurar da Salima, ya riƙe ɗanta Bilal a hannu, ya yi masa huɗuba a kunne da bakinsa. Bara, bayan babbar salla, ya cika a ɗakinsa da hantsi, kansa bisa cinyata, ba a bakin hanyar wata ƙasa ba. Allah ya jiƙansa.

Masu ta'aziyya suka cika gida. "Yaya haƙuri?" "Da godiya." Haka na yi ta amsawa har suka watse, na rage ni kaɗai da tabarma. Abinci ya fita raina, ban gaya wa kowa ba. Wata safiya salular marigayin, da na kasa kashewa, ta yi ƙara daidai lokacin da ta saba. Na buɗe, saƙon Majo ne, na haɗa baƙaƙen a hankali.

"Balki, me kika ci jiya? Faɗi sunan abincin."

Na nemi abin da zan rubuta na rasa. Rana ba ta take ba sai ga matar Majo da kwanon fura, ta zauna ta tsare ni har na shanye.

Majo Alassan, makiyayin marasa lafiya, na gode. Allah ya saka maka, ya ba ka mai tambayarka ranar da ƙarfi ya ƙare. Ku kuma matasan da za ku gaji bencin nan, da duk mai majinyaci a gida, kada ku karɓi "da sauƙi" ku juya baya. Ku dubi takalmin da aka bari a bakin ƙofa. In an yi muku shiru, ku tashi ku bi sawu.