Sheƙar Shamuwa a Kan Ƙarfen Bashmuhandis

Har gobe ba zan manta da ranar da ƙarfen rediyon Bashmuhandis Taha ya kwanta ba. A shekarun sittin ne, ina mai walda, ana ce mini usta, a warshar gyaran injunan ban-ruwa kusa da garin Suki. Bashmuhandis, wato babban injiniyanmu, yana da wata rediyo a gida da yake hira da mutanen ƙasashe masu nisa da ita. Eriyarta sai can sama take aiki, don haka ya sa ni in haɗa masa dogon ƙarfe.

Kafin in fara, ya zaunar da ni da takarda. Ya ce iska ba ruwanta da nauyin abu, faɗinsa take turawa. Ana auna faɗin duk abin da ke sama, a ninka da ƙarfin iska mafi tsanani, a sake ninkawa da tsawon ƙarfen, sai a san abin da gindi zai jure. Muka kafa, muka ɗaure da wayoyi uku.

Da damina ta matso, shamuwa biyu suka yi sheƙa a ƙololuwa, ta fi kwandon auduga girma.

Na ce, "Ya Bashmuhandis, wannan tana cikin hisabin?"

Ya dubi takarda, ya dubi sama. "Ba ta ciki, ya usta. Hau ka sauke."

Na ɗora ƙafa ke nan, maƙwabcinsa Baba Alu, wani tsoho ɗan Mai Wurno, ya cafke mini wando. "Sauko, ɗana! In ka taɓa sheƙag ga ruwa ya ƙi zuwa, kai za ka ba mu dawa?" Jama'a suka taru, Bashmuhandis ya ji kunya, ya ce a bari.

Bayan kwana tara hadari ya taso da la'asar. Muna kallo ƙarfen ya lanƙwashe daga gindi, a hankali, ya ajiye sheƙar a kan rufin ɗakin Baba Alu. Ba wanda ya ji ciwo, har 'yan tsakin shamuwar da ke cikin sheƙar.

Tsohon ya fito cikin ruwa, ya dubi rufinsa da ya lotsa. "Kun gani? Ruwa ya zo." Kuma ya hana a ɗaga ƙarfen sai da 'yan tsakin suka tashi. Wata guda rediyo shiru.

Tun ranar, duk lissafin iskar da aka ba ni sai na ƙara wa gindi kauri, kuma ba na kunna walda sai na je na gaida maƙwabta.