Kaset Ɗin Bikin Gidan Alhaji Maccido

Halliru Mai Hoto ne ya fara saɓa kyamarar bidiyo a kafaɗa a garin Illela. Shekara goma ya yi yana ɗaukar hoton fasfo a bakin kasuwa kafin wani ɗan'uwansa ya taho masa da ita daga Makka, ita da rakodarta da ake ratayawa kamar jaka. Mutum ne mai tsoro, shi ma ba ya musu. Ko hadari ya haɗo sai ya rufe shago.

A 1985, lokacin da iyaka take rufe, Alhaji Maccido dillalin albasa ya yi wa ɗansa aure, ya kira Halliru ya ɗauka. Rabin dangin Alhaji a Ƙwanni suke, cikin Nijar. Ta gonaki suka ratso, shi ya sa sai dab da tashin biki suka iso. Maroƙi ya yi aikinsa, duk wanda ya shigo sai ya kira sunansa da na ubansa da unguwarsu. Halliru yana biye da shi, fuska bayan fuska.

Washegari da hantsi wani soja ya tsaya a ƙofar gidansa.

"Oga ya ce ka kawo kaset ɗin bikin jiya ofis in azahar ta yi."

Halliru ya koma ciki. Mutum ashirin ne 'yan Ƙwanni da suka tsallako iyaka a kaset ɗin nan, har yanzu suna gari, kowa da sunansa. Ba yadda za a goge shi sai an ɗauki wani abu a kansa, kuma kaset ɗin awa uku ne. Ya mayar da shi farko kamar yadda ya saba, ya rufe idon kyamara, ya danna.

Matarsa Zuwaira ta leƙo. "Malam, mi kaka yi? In sunka ga baƙi ƙirin, ai sun san gogewa kay yi. Buɗe ta, juya ta ga kaji."

Ya juya. Ya zauna yana kallon kaji suna tono, inuwar bango tana ta gajarta.

Ladan ya fara kiran salla, sai Zuwaira ta ce, "Wai mutanen Ƙwanni, farkon kaset suke ko ƙarshe?"

Halliru ya dafe kai. A ƙarshe suke, kuma kaji ba su kai can ba tukuna. Kafin ya taɓa komai, sojan ya yi sallama.

A ofis aka jona rakoda da talabijin. Oga ya gyara zama. Kaji suka fito.

"Mene ne wannan?"

"Kuskure, ranka ya daɗe. Na danna ban sani ba."

"Bikin yana gaba?"

"Allah masani, ranka ya daɗe."

Oga ya kalli kaji na rabin awa. Zakara ya kori wata kaza, sojan da ke bakin ƙofa ya yi dariya, ya haɗiye ta.

"Ba a sa shi ya yi gudu?"

Maɓallin gudun yana nan ƙarƙashin yatsan Halliru.

"Irin wagga ba ta gudu, ranka ya daɗe."

Aka ƙara rabin awa. Halliru bai san inda kaji suka ƙare ba, duk motsin hoton sai ya ji kamar muryar maroƙi za ta fito. Can Oga ya yi tsaki ya miƙe.

"Kwashe kajinka ka ba ni wuri."

Da ya isa gida bai ko cire takalmi ba sai da ya goge sauran. Sannan ya tafi wurin Alhaji Maccido ya faɗa masa komai, kansa a ƙasa.

"Duka ka goge?"

"Duka, Alhaji."

"Har Yaya Attahiru?" Wan Alhaji ne, tsoho daga Ƙwanni, wanda ya yi shekara bai gani ba kafin jiya.

"Har shi."

Alhaji ya miƙe. Ya aika cikin gida a ce wa baƙi su ɗaure kaya, a bi ta gonakin ƙauyen Amarawa a koma Ƙwanni.