Tanti Kaltuma da Saƙon Alhaji

Da hantsi, in yara sun tafi lekol maza sun fita nema, za ka ga Tanti Kaltuma ta fito daga lungunsu a Zango, jaka a hammata, tana ɗaga wa ɗan kabu-kabu hannu. Abin da ke cikin jakar bai taka kara ya karya ba: tabarau, kile na kwafe abin kwamfuta, ɗan burushi, sai goro. Ba ta da shago, ba ta da allo mai sunanta. Gida-gida take bi, duk inda wata ta kira ta ce ordinatar, wato kwamfutar, ta ƙi tashi, ko ta tashi tana abin da ba a sa ta ba.

Sakatariya ce a wata lise, makarantar sakandare, a nan Damagaram tun zamanin tafireta, kwamfuta ta zo ta same ta a kan kujera, ta koya har ta yi ritaya. Masu gyara maza sun cika gari, amma kwamfutar gida a uwar ɗaki take zama, an lulluɓe ta da mayafi kamar amarya, cikinta hotunan iyali da sirrin gida. Wace mace ce za ta yarda a ɗauke ta a kai kasuwa, ko namiji ya shigo mata ɗaki? Kaltuma kuwa sallama kawai take yi ta shige. Ni maƙwabciyarta ce, na sha ganin tana dawowa da la'asar ƙafa duk ƙura.

Abu biyu ta yi shekaru tana fama da su: birus, cutar kwamfuta da ke zuwa maƙale a saƙon imel, da gargaɗin ƙarya da ke cewa ga wani mugun birus nan tafe, a tura wa kowa da kowa yanzu-yanzu. Na biyun ya fi ba ta wahala, domin mu mutanen garin nan ba mu iya riƙe gargaɗi a ciki ba. In ka ji abin tsoro ba ka gaya wa ɗan'uwanka ba, gani kake ka ci amana. Ga shi kuma abin da babba ya aiko ba a barinsa a rufe. Kullum maganarta ɗaya ce: "In saƙo ya ce ki yi sauri, ki zauna. Ki ɗauki waya ki tambayi wanda ya aiko, shi ya rubuta ko shi ma turo masa aka yi?"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin Ramlatu, matar Lawali, wadda ta yarda in faɗa. Ramlatu ɗiyar farin Alhaji Mai Nasara ce, dattijon ɗan kasuwa wanda ya rungumi kwamfuta da tsufansa. Kowa ya san kunyar ɗan fari a wajenmu. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, in ta je gaishe shi amsa ɗaya ce ya kau da kai. Amma da ya koyi imel, duk gargaɗin da ya faɗo masa sai ya tura mata: na guba a abinci, na ɓarayin waya, na birus. Ba ya ƙara ko harafi ɗaya nasa. Ita kuwa ba ta taɓa goge ko guda ba.

Wata rana ya turo mata wani mai cewa ga birus da ke ƙone kwamfuta, ga maganinsa a maƙale, a buɗe. Ta buɗe, tunda Baba ne ya aiko. Maganin nan shi ne birus ɗin. Littafin kammala karatunta na jami'a, wanda ta daɗe tana rubutawa tsakanin girki da goyo, ya ɓace daga inda ta ajiye shi. Lawali ya fusata, ya ce zai sanar da dangi gaba ɗaya kada wanda ya sake buɗe saƙon Alhaji.

Kaltuma ta zo ta wuni a kan tabarma gaban kwamfutar. Ta cire birus ɗin, ta tono yawancin littafin daga inda aka ɓoye shi, amma babin ƙarshe ya lalace, sai an sake shi. Da ta gano ta inda abin ya shigo, Ramlatu ta riƙe mata hannu.

"Tanti, don Allah kada Baba ya ji. Babin zan sake rubutawa."

"In bai ji ba, gobe zai tura wa wani, ɗiyata."

"In ya ji, zai daina aiko mini da komai. Ke kin san ba ya yi mini magana. Saƙon nan shi ne kawai nake sanin ya tuna da ni."

Kaltuma ta ce mini ranar ta fi jin nauyin wannan maganar a kan gyaran. Ta roƙi Lawali ya ɗan dakata mata, washegari ta tafi gidan Alhaji. Ta fara shiga ta gaida matan gida, sannan ta ce a yi mata iso. Ta jira har baƙinsa suka watse daga zaure, ya rage daga ita sai shi sai Hajiyarsa.

Ba ta yi masa kwana-kwana ba. "Alhaji, gargaɗin nan da ka tura ƙarya ne, birus ne a cikinsa. Waɗanda suka shirya shi masu tausayin iyali suke nema, don sun san su ne za su tura. Ya shiga ordinatar ɗin gidan Lawali ta hannunka."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ta gidan Lawali, karatunta fa?"

"Yawanci ya dawo. Saura kaɗan za ta sake."

Ya miƙa hannu ya rufe kwamfutarsa. "To shi ke nan. Na bar wannan abu. Ban sake aika wa kowa komai."

"Abin da take tsoro ke nan, Alhaji," in ji Kaltuma. "Ta gwammace ta rasa littafin duka da ka daina aiko mata. Ni ban ce ka daina ba. Maganar mutanen da ba ka sani ba nake so ka bari. In za ka aika, ka aika taka."

Hajiya ta ce tunda take da shi ba ta taɓa ganin ya sunkuyar da kai gaban mace haka ba. Da bakinsa ya sanar da dangi cewa saƙon ƙarya ne, kada a buɗe, Lawali bai ko buɗe baki ba. Kaltuma ta wanke masa tasa kwamfutar, ta sa masa riga-kafi, ta nuna masa yadda ake sabunta shi.

Aka yi kwanaki Ramlatu na duba akwatin saƙonta, ba komai. Ta sake babin, ta kare littafinta gaban malamai, ta ci, amma duk wanda ya gan ta ya san akwai abin da ke cin ta. Sai wata safiya saƙo ya shigo daga Alhaji, ba abin da aka maƙala masa, ba a ce a tura wa kowa ba. Layi ɗaya ne, da rubutun dattijo mai neman haruffa da yatsa guda: "An ce an ci jarrabawa. Allah ya yi albarka. Yaya yara?" Babu sunanta a ciki, ita ma ba ta sa ran gani ba. Ta karanta mini shi tana kuka, ni ma na taya ta.

Tanti Kaltuma, mai shiga ɗakin da maza ba sa shiga, ke ce kika gane cewa bayan kowane gargaɗin ƙarya akwai mutum mai son nasa. Ke ce kika faɗa wa babba gaskiya ba ki zubar masa da girma ba. Yanzu ido ya fara gajiya, kin ce za ki ajiye jaka ki koma Hamdara wajen ƙanwarki, kuma ina jin zafin tafiyar nan har cikin raina. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya.

Mu da Tanti Kaltuma za ta bari, ƙaryar ta koma cikin wayoyinmu, ta fi da gudu. In wani dattijonmu ya turo mana irinta, kada mu buɗe, kada mu tura, kada kuma mu yi masa dariya a bainar dangi. Mu je mu same shi shi kaɗai, yadda ta yi. Har yau duk Juma'a Alhaji yana aika wa ta gidan Lawali layinsa ɗaya, ita kuma tana ba shi amsa.