Inna Delu da Ciwon Alkama

Da an sallame sallar asuba, kafin mata su fara daka, Inna Delu Barmo ta riga ta share rumfar awon yara ta wani ƙaramin asibiti a karkarar Gangara. Sai ta rataye ma'auni, ta hura wuta, ta ɗora tukunyar kunu: gero, soyayyen wake, ƙuli-ƙuli, ɗan garin zogale. Mata na isowa da goyo, wasu a ƙafa, wasu a amalanke. Tana auna damtsen kowane yaro da zaren nan mai launi uku. Idan ya faɗa kan ja, ba ta ɗaga murya, sai ta dubi uwar ta ce, "Matso kusa da ni, ɗiyata." Shekara ashirin da bakwai ke nan tana haka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma garinsu, Gidan Rumji.

Ni malamin lakol ne, wato makarantar boko, ban san aikin likita ba. Abin da na sani game da ita, a gidanmu na gan shi, kuma da mutuwa ya fara.

Ƙanwata Rukaiya tana auren Lurwanu, mai shayi a tashar Gazawa. Ɗansu na fari, Muzammil, ɓul-ɓul yake har ranar da aka gane uwar tana da ciki, aka cire shi daga nono rana ɗaya. Uban yana ji da shi. Kullum sai ya aiko da burodi a jiƙa masa a shayi, da rana kuma taliya. A wurinmu wannan gata ne, ƴaƴan maƙwabta koko kawai suke sha. Cikin wata uku yaron ya fara zawo mai maiƙo da wari, ciki ya kumbura, cinyoyi suka zube. Rukaiya ta kawo shi gida Gangara, muka kai wa Inna Delu, ta tura shi inda ake kwantar da masu tamowa. A can madara ake ba shi da abincin gyaɗa na leda, sai ya murmure. Ya koma gida, ya sake zubewa. Sau uku ana haka.

A karo na uku Inna Delu ta tsayar da Rukaiya a gaban mata.

"Faɗa mini gaskiya, sayar da abincin yaron nan kike yi?"

"Wallahi Inna, ko lasa ban taɓa yi ba. Har burodi muke ƙara mishi."

Ba ta yarda ba. Muzammil ya rasu da damina, bai cika shekara biyu ba. Ni na ɗauke shi zuwa maƙabarta, nauyinsa bai kai na littattafan da nake riƙewa zuwa aji ba. Bayan sati biyar Rukaiya ta haifi mace, aka sa mata Nazira. Ranar suna, mata suna ta raɗa cewa ga wadda ta sayar da abincin ɗanta.

Da wata ma'aikaciyar ce, da ta rubuta sunan yaron cikin waɗanda suka rasu ta wuce. Inna Delu kuwa maganar burodin nan ta tsaya mata a rai. Da aka kira su ƙarin horo a Maraɗi, ta tare wani likitan yara ta ba shi labari tun daga farko. Ya ce akwai ciwon da ake kira siliyak: hanjin wasu yara ba ya jure wani abu da ke cikin alkama, yana saɓulewa har abinci ya daina amfanar jiki. Ya ce yana bin dangi, kuma gwajinsa ba kusa yake ba.

Daga Maraɗi ba ta koma gida ba, Gazawa ta sauka. Ina gidan Lurwanu ranar. Tsohuwar da ta haifi kamar Rukaiya ta durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Ɗiyata, na zalunce ki. Kin faɗa mini gaskiya, na ƙaryata ki gaban mutane. Ki yafe mini."

Rukaiya ta fashe da kuka. Lurwanu ne ya yi magana, bayan an yi masa bayani.

"Inna, ke nan da hannuna na kashe shi?"

"Kai abin da ya fi daɗi a wurinka ka ba ɗanka. Ni ce aikina in sani, ban sani ba."

Ta koma rumfarta ta faɗi haka a gaban matan da suka ji faɗan farko. Sannan ta tsara wa Nazira hanya: nono zalla har wata shida, daga nan kunun gero da wake da gyaɗa, nono na tafiya, ba yayen rana ɗaya. Alkama kuma kaɗan-kaɗan, ana duban kashin yarinyar, ana auna ta kowane sati. A wata na goma aka fara ba ta. Cikin sati shida zawon nan ya bayyana, nauyi ya tsaya. Inna Delu ta ce a cire burodi, taliya, fanke da biskit gaba ɗaya. Zawo ya ɗauke. Yau Nazira tana aji biyu. Ubanta yana nan yana sayar da burodi, amma ba ya ɗaukar ta sai ya wanke hannu, tsarabarta kuwa ƙosai ne.

Inna Delu ba ta taɓa cika baki ba. Tana gaya wa mata cewa burodi ba guba ba ne ga kowa, yawancin yaranmu yunwa da zazzaɓi ke ɗauke su. Tana cewa likitoci ma ba su gama yarda cewa salon yaye yana hana ciwon ba. "Amma in kin tafi sannu," in ji ta, "za ki ga abin tun yana ƙarami."

Inna, ke ce kika zauna da yaran da kowa ya cire rai da su. Ke ce kika yi kuskure, kika ɗauko shi da ƙafarki kika kai inda ya yi ɓarna. Uwar marasa ƙarfi, gidanmu ya gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai lafiya. Ku kuma da za ku gaje ta, ku tambayi uwa me ɗanta ke ci, ku saurari amsar har ƙarshe. Iyaye, kada ku cire yaro daga nono rana ɗaya.

Har yanzu ba a turo wanda zai maye gurbinta ba. Shekaranjiya na tambaye ta ko ta san yara nawa ta ceta. Ta girgiza kai.

"Waɗanda suka rayu suna da iyayensu, Malam. Ni sauran nake tunawa."

Ta fara kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da garin kowa da sunan uwarsa. Ta kai na sha huɗu wata mata ta yi sallama da goyo, sai ta share fuska ta tashi.