Jinin da Aka Ɗiba a Gummi

Ƙanwata ba ta daɗe da aure ba ciwon ya fara mata. Da safe yatsunta kan kumbura har ta kasa tatsar nono, gashinta yana zuba, wani tabo kuma ya bazu a kumatunta ya haye karan hanci. Inna ta ce sanyin ƙashi ne. Wanzamin ƙauyenmu, can wajen Bukkuyum, ya yi mata ƙaho sau uku, abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ni ne ɗan boko a gidan, ina koyarwa a firamare a Anka, don haka ni na kai ta asibiti a Gummi. Likitan ya daɗe yana duba yatsun. Ya ce yana zargin jininta ne ya juya yana yaƙar gaɓoɓinta da fatarta, maimakon ya kare ta daga cuta. Ba abin da zai tabbatar sai wani gwaji da ake yi a Zariya. Aka ɗebi jininta, aka sa cikin fulas mai ƙanƙara. Ya ce mu dawo bayan wata guda.

Sai ciwon ya lafa. Daga baya na san halinsa ke nan, ya lafa ya dawo.

Da na yi zancen komawa, Inna ta ce, "Mi za ku koma yi? Ai an hidda mugun jinin. Ƙahon likita ya hi na wanzami ja, shi ke nan."

Na yi mata dariya, har na ba malaman makarantarmu labari. Amma ban koma ba. Damina ta sauka, hanya ta lalace, ƙanwata kuma tana wuni a rana wajen noma lafiya lau.

Da kaka ƙafafunta da fuskarta suka kumbura. Muka koma Gummi. Takardar gwajin ta iso tun farkon damina, tana nan tana jiranmu. Ta tabbatar da zargin likitan. A ƙasanta ya rubuta maganin da za a fara mata, da cewa ta guji rana. Ya gwada fitsarinta, ya ce ciwon ya riga ya kai ga ƙoda. Bai yi mini faɗa ba.

Ta rasu kafin a gama sussukar dawa. Har yau abin yana ci mini rai. Inna ba ta san bambancin ƙaho da gwaji ba. Ni na sani.