Sunan Baffa a kwamfutar kan iyaka

Jami'in kan iyaka ya dubi kwamfuta, ya dubi baffana, ya ce mu koma gefe. Albasa munka ɗauko daga Danchadi za mu kai Nijar.

Ya ce, "Alhaji, 'yan sandan ƙetare na neman mai sunan nan."

Baffa ya ce, "Ranka shi daɗe, ko akuyar wani ban taɓa kamawa ba. Wa ya sa ni ciki?"

"Ba mu muka sa ba, ba mu da ikon cirewa."

Awa huɗu muna zaune kafin hoton yatsa ya nuna wani ne daban. Sun sallame mu, amma sunan na nan. Baffa ya ce ya bar tsallakawa ke nan.

Jama'a, ina mutum zai kai kuka a gyara wannan?