Fim Daga Gindin Randa

Kakata ba ta yarda a ɗauke ta hoto da waya. Tun tana amarya aka kawo ta Azare daga Borno, ga tsagen Barebari reras a kumatunta, amma da ka ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Wai hoton waya ba ya zama wuri ɗaya, yau yana hannunka, gobe yana hannun wanda ko gaisawa ba ku taɓa yi ba. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Ta haura tamanin, kuma duk gidanmu babu hotonta ko ɗaya.

Wata ranar kasuwa na ga wani tsohon mai hoto ya baje kyamarorinsa a kan tabarma a ƙofar shagonsa yana neman mai saye, don waya ta kashe masa sana'a. Ni dama ban iya ganin abu in wuce ba. Na tsuguna ina jujjuya wata baƙa mai nauyi kamar dutsen guga.

"Alhaji, wannan tana aiki kuwa?"

"Ta fi ka lafiya," in ji shi. "Fim ne dai ya tsufa."

Ya ja ni cikin shago, ya ɗaga randar ruwansa, ya tone jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashinta, ya zaro gwangwanin madara naɗe da leda. A ciki yake ɓoye sauran fim ɗinsa. Wai zafi ne ke kashe shi, kuma duk shagon babu inda ya kai gindin randa sanyi. Na duba kwalin, na ga wa'adinsa ya wuce tun ina firamare. Na tambaye shi me zai fito. Ya ce wallahi shi ma bai sani ba, wani kan fito kore, wani ja, wani ba ya fitowa sam. Wannan rashin sanin ne ya ƙara kwaɗaita mini, na sayi kyamarar da fim ɗin.

Da na kawo ta gida, Kaka ta daɗe tana ƙare wa kyamarar kallo.

"Maigidan, irin ta da ce, mai fitowa a takarda?" Haka take kirana saboda wasan kaka da jika.

Na ce ita ce. Ta ce to sau ɗaya tak, kada in mai da ita 'yar talla. Ta canza zane, har da shafa turare, sai ka ce hoton zai ɗauki ƙanshi. Na danna.

Sai Kano na aika aka wanke, na yi sati uku cikin zullumi. Awaki da bishiyoyin da na ƙarasa fim ɗin da su duk baƙi ƙirin suka fito. Nata ya fito, amma rawaya-rawaya, dishi-dishi. Tamojin fuskarta duk sun ɓace, tsagen kaɗai ya rage raɗau. Wata mace ce da ba ta fi arba'in ba take kallona.

Kaka ta kai hoton bakin ƙofa wurin haske, sannan ta faɗi wata magana da Barbarci wadda ban gane ba.

"Ina ka samo uwata?"

"Kaka, ke ce fa."

"Kai za ka koya mini fuskar uwata?"

Hawaye na bin tsagen nan, ta karɓe ambulan ɗin hoton gaba ɗaya har da fim ɗin, ta naɗe a ɗankwali, ta kulle a akwatinta. Na ji daɗi, na kuma ji haushi. Har yau in ina son ganin hoton kakata, sai na roƙe ta ta nuna mini uwarta.